Ɗaya Gefen Kaset ɗin Mai Agogo

Taubashina, Sarkin Hayaniya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da injinan maɗaba'arku. Ya ciwon bayan? In har yanzu kana ɗaukar bandir ɗin takarda da kanka don kada a ce ka tsufa, to ka tsufa, ɗan Gwaggo, kowa ya sani.

Ni lafiya lau, in dai lafiya ita ce mutum ya tashi ya yi wanka, ya je aiki ya dawo. Wata biyar ke nan da rasuwar maigidana. Na koma kantin magani. Ina ƙirga ƙwayoyi ina zubawa a 'yar leda, ina rubuta sau uku a rana bayan abinci. Ana yi mini gaisuwa, ina amsawa. Ba na kuka. Mutane suna yaba haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, ba na dai jin komai ne. Takardar ta'aziyyarka ta zo, na gode. Na so a ce ka zo da ƙafarka, amma ban riƙe ka a zuciya ba.

Agogo goma sha bakwai ya bari a ɗakin aikinsa. Waɗanda ake wanawa da hannu sun tsaya tun makon farko, don ban san yadda yake lallaɓa su ba. Masu batir shida ne, yanzu saura huɗu. Ba na canza musu batir.

Ga kaset. Shekara goma sha tara muna wannan abin: mu cika gefen farko da kiɗanmu na jaz mu aika, kai ka saurara ka zage mu a takarda, ka cika gefe na biyu da kiɗanka na rok ka maido. Tun da ya kwanta ciwo aka tsaya, kuma namu ne juyin. Wannan shi ya haɗa maka da hannunsa, a aljihun teburinsa na tsince shi, cikin ƙananan sukurori. Kiɗa biyar ne a kai. Ka san dokarmu, ba a rubuta sunan kiɗa, kunne ne zai faɗa.

Kada ka tambaye ni ra'ayina a kansu. Tun da ya tafi, in na ɗora faifai ina jin ƙaho, ina jin fiyano, kowanne a wurinsa, amma kamar a gidan maƙwabta ake yi.

Na yi maka magana a ƙarshen gefen farko kamar kullum. Wannan karon ba tsiya ba ce. Abin da na faɗa biro ya ƙi rubuta shi, sau uku ina yaga takarda. Don Allah ka saurara da kyau kafin ka juya kaset ɗin.

Taubashiyarka.


Uwar Ƙaho, 'yar Kawu,

Amin wa alaikis salam. Takardarki da kaset sun iso ranar Laraba. Bayana da sauƙi, kuma ban tsufa ba, takarda ce suka ƙara wa nauyi. Muna cikin buga littattafan makaranta, injin babba ba ya hutawa, mu ma haka.

Allah ya ji ƙan Mai Agogo. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana ƙoƙarin shiryar da ni, ya tafi bai yi nasara ba. Na zauna na bi kaset ɗinsa daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko ɗaya ba, wanda ban taɓa yi masa yana da rai ba.

Na farko na san shi, wanda mai ganga ke shafa fata da 'yar tsintsiya. Mai Agogo ya ce wai kiɗa ne, ni na ce shara ce. Har gobe ina kan bakana: in za a share ɗaki a share, in za a buga ganga a buga. Na biyu ya fi mini, ƙaton gogen nan da ake tsayawa a ja da yatsa yana tafiya a ƙasa kamar mai hawan bene da kaya a ka, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na uku ba kowa a ciki sai ganga da goge suna jan ƙafa, ban ga abin da ya gani a ciki ba. Na huɗu da na biyar irin naku ne, kowa ya kama gabansa, sai can a ƙarshe su haɗu a yi kamar da ma an shirya. Ku mutanen jaz kuna son kiɗan da ke barin ramuka don ku zauna a ciki ku yi tunani. Ni in na dawo daga aiki ba tunani nake nema ba.

Na cika miki naki gefen. Na fara da wanda mai jita ke shigowa shi kaɗai, sau huɗu yana maimaita abu guda kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, kafin ganguna su ɓalle ta. Na sa miki dogon nan mai farawa a hankali, wanda kika taɓa cewa shi kaɗai ne a cikin tarkacena yake da tarbiyya. Sauran ki ji da kanki. Ki ƙure murya, ki bar tagogi su yi rawa. Kin ce kiɗa ya koma gidan maƙwabta. Nawa ba ya tsayawa a gidan maƙwabta, katanga yake haurowa.

Saƙonki na ƙarshen kaset na ji shi. Kada ki damu, na gane, kuma na yi abin da ya kamata. Ki ci abinci, ki sa wa agogunan nan batir.

Taubashinki, wanda ya fi ki kunne.


Taubashi,

Gaisuwa. Ina lafiya. Ina fata bayan ya ci gaba da sauƙi.

Ambulan ɗinka ya zo da kaset ɗaya. Na zazzage shi, na leƙa ciki, na koma gidan waya na tambaya ko wani ƙunshi ya biyo baya. Ina na biyun?

Bari in maimaita abin da na faɗa da baki, tunda yanzu dole biro ya rubuta. Gefe na biyu na kaset ɗin nan ba fanko ba ne. Muryarsa ce a kai. Wata rana ya danna ɗauka yana zaune a teburin aikinsa, ya ɗora faifai, yana gyaran agogo yana bin ƙaho da hanci, yana magana shi kaɗai, yana jefo mini magana ina kicin. Ban san ya yi ba sai da na tsince shi. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan. Minti biyu na saurara rikodata ta fara tauna zaren, na kashe, na mayar da shi da biro a hankali. Sai na juya shi, na faɗa maka a ɗan wurin da ya rage a gefen farko cewa kada ka ɗauki komai a gefe na biyu, ka kwafe mini shi a rikodarka mai baki biyu, ka maido mini duka. Har ɗan haƙorin roba na gefen na karya, don rikoda ta ƙi ɗauka a kai, kada a yi kuskure.

Ka rubuto ka ce ka ji, ka gane, ka yi abin da ya kamata. Na karanta layin nan na yi ajiyar zuciya, rabona da irinta tun asibiti. Na wanke hannu, na zauna a kujerarsa, na sa gefe na biyu. Sai ga mai jitarka yana ƙwanƙwasa ƙofa. Na kashe kafin ganguna su shigo.

Na ga salatif a kan ramin haƙorin. Na gaya wa kaina cewa ka kwafe muryar a wani sabon kaset tukuna, sannan ka cika wannan don kada al'adarmu ta karye, ka kuma manta ka sako kwafin. Halinka ne, ka taɓa aiko mini da kwalin kaset babu kaset. In haka ne, ba komai, ka aiko kawai. Ka naɗe shi da kyau.

Wani abu kuma. Ka ce na uku ba kowa sai ganga da goge. Mace ce ke waƙa a kai tun daga farko har ƙarshe, da siririyar murya, ita ce ma dalilin da ya sa ya zaɓa maka. In tsiya ce, ban gane ta ba. Kwanan nan ba na gane tsiya sosai.

Ina jira.

Taubashiyarka.


Taubashi,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau.

Mako bakwai ke nan. Na buga waya ofishin maɗaba'arku sau biyu, an ce kana bakin inji ba ka iya zuwa. Na ce a gaya maka 'yar Kawunka ce. Aka dawo aka ce ka ce za ka rubuto.

Kullum in na tashi daga kanti ina biyawa ta gidan waya. Ma'aikaciyar ta san ni, tun daga nesa take girgiza mini kai, na daina ma ƙarasawa gaban kantar.

Ba fushi nake yi ba. Da ma fushin ne, da na san inda zan ajiye shi. Ina so ne kawai in san ko akwai kwafin ko babu. Kalma ɗaya ta isa. In akwai, ka aiko. In babu, ka faɗa, in daina biyawa ta gidan waya, hanyar tana da nisa kuma takalmina ya fara cinyewa.

Agogo biyu suka rage.

Ni ce.


'Yar Kawu,

Sallama. Jikina lafiya. Wannan ce takarda ta shida da na fara, sauran suna cikin kwandon shara na maɗaba'a.

Babu kwafi. Na goge shi. Ni na liƙa salatif da hannuna, na danna ɗauka, na zauna ina kallon zaren yana juyawa har na gama, ina jin daɗin kaina wai ina yi miki abin kirki.

Ban ji saƙonki ba. Ba na ji, taubashiya. Shekara biyu da rabi ke nan. Kunnen hagu ya fara tafiya, na dama ya bi shi. Likita ya ce shekara ashirin da shida a gefen inji ba abin toshe kunne, ga abin da nake yi wa kaina in na koma gida, me nake jira. Siraran sauti suka fara ɓacewa, muryar mata, ƙaho, ƙarar waya. Yanzu abin da ya rage wani gurnani ne can ƙasa, da wani tsiii da ba ya ɗaukewa. A wurin aiki ba wanda ya damu, da ma da hannu muke magana a bakin inji. Shi ya sa ban zo gaisuwa ba. Na san ina shiga gidan za ki yi mini magana daga bayana, ki gane.

Kasetanku kuwa, ga yadda nake yi. In sa kaset, in ɗora tafin hannuna a kan lasifika, in zuba wa allurar rikoda mai nuna ƙarfin sauti ido. Ganga da babban goge suna zuwa a hannu. Sauran in cike da abin da na sani na faifanku tun ina ji, da abin da na san zai ba ku haushi. Kaset bakwai na yi muku sharhi a haka, ba ku gane ba. Har alfahari nake yi a raina. Matar nan ta na uku ba ta zo mini a hannu ba sam.

Da na kai ƙarshen gefen farko na ga allura tana ɗan motsi tana tsayawa, na san ke ce ke magana. Ta fi ta kullum tsawo. Na ce a raina kuka take yi, tana faɗin kewarsa. Akwai mai yankan takarda a wurinmu, mutumin kirki, da na kai masa da ya gaya mini abin da kika ce cikin minti ɗaya. Har na sa kaset ɗin a aljihu. Sai na ce ba zan bari bare ya ji kukan 'yar Kawuna ba. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce ban so in tsaya a gaban mutum in ce Sarkin Hayaniya ya kurumce. Haƙorin da kika karya ma na gani. Rabin kasetan da muka yi ta aika wa juna tsofaffi ne masu karyayyen haƙori, hannuna ya saba, ya liƙe kafin kaina ya tambaya.

Ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba. Tun da takardarki ta zo nake zuwa aiki ina dawowa, ban taɓa rikodar ba. Ina jin kunya, ina jin tsoronki, bayan su ba na jin komai.

Abu ɗaya ne, kuma kada ki ɗora rai a kai. Shekara goma sha tara kuna yi mini gori cewa ba na cika gefena, kullum sai na bar wutsiya, Mai Agogo yana cewa rowar kiɗa gare ni. Wannan karon ma na bari. Waƙa ta bakwai ta ƙare, ta takwas ba za ta shiga ba, na danna tsayawa. Da na bi gefen don in tabbatar ya ɗauku, na ga allura ta ɗan motsa bayan nawa ya ƙare. Na ɗauka ragowar tsohon abu ne. Ban san mene ne ba, ban san tsawonsa ba. Ni ba zan taɓa sani ba sai kin gaya mini.

In ba ki sake rubuto mini ba, na gane. Wannan karon da gaske na gane.

Taubashinki.


Ɗan Gwaggo,

Sallama. Ina lafiya. Ka je a duba ko akwai abin sawa a kunne da zai yi maka amfani, muna aika mutane wurin masu yin sa daga kantinmu, wasu suna dacewa. Ka kuma fara toshe kunnen a bakin inji, ko don gurnanin da ya rage.

Takardarka ta kwana goma sha ɗaya a kan teburinsa. Na karanta ta sau ɗaya. Na jira in ji haushi, bai zo ba. Na jira in ji tausayinka, shi ma bai zo ba. Abin da ya yi ta dawo mini shi ne kaset bakwai ɗin nan. Ka tuna wanda ka rubuto ka ce mai fiyanon kamar yana neman makullinsa a cikin duhu? Mai Agogo ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce a duk duniya kai kaɗai ke sauraronsa da gaske. Ashe da tafin hannu ne. Ban san ko in gaya maka wannan don ka ji daɗi ko don ka ji ciwo ba. Ga shi nan dai.

Ranar Asabar na aro rikodar abokiyar aikina, tata ba ta cin zare. Na kai ta ɗakin aikinsa da hantsi. Ban san inda naka ya ƙare ba, ina tsoron in tura gaba in wuce, sai na zauna na saurari hayaniyarka duka. Ban taɓa yi ba, yau na faɗa maka, da ma ni ma tsallakewa nake yi. Mai jitar ya ƙwanƙwasa ƙofarsa, ganguna suka ɓalle ta. Dogon nan mai tarbiyya yana nan da tarbiyyarsa har tsakiya, sannan ya watsar. Na shidan ban san shi ba, mutum yana ihu kamar an taka masa ƙafa, amma akwai wata jita a bayansa tana ba shi haƙuri. Ka ɗora allurar faifan daidai a kowace waƙa, ba ka yanke ko ɗaya ba. Ban san yadda ka yi da ido kaɗai ba.

Na bakwai ya ƙare. Aka yi ƙas, inda ka danna tsayawa.

Tunda ba za ka ji ba, bari in rubuta maka, ka karanta a hankali. Daƙiƙa goma sha huɗu ne, na auna da agogon da ya rage. Farko agogunan ne, duka goma sha bakwai, kowanne da tafiyarsa. Na manta haka ɗakin yake. A bayansu ƙaho yana hawa shi kaɗai, a hankali. Sai ƙarar ƙaramin abu an ajiye a kan tebur, ina jin ɗan hantsakinsa ne. Ya yi tari sau ɗaya. Kujerar nan da nake zaune a kai ta yi ƙara. Sai ya ɗaga murya, yadda yake yi in ina kicin, ya ce, "Ke, bar wankin nan, zo ki ji abin da mutumin nan zai yi yanzu. Zo da sauri, zai wu..."

Zaren ya ƙare a nan.

Ban yafe maka ba tukuna. Ban kuma ƙi ba. Abin da ake yafewa da shi ne bai dawo mini ba, in ya dawo kai ne farkon wanda zai sani.

Ga kaset ɗin na maido maka, don har yanzu kai kaɗai ne mai rikoda mai baki biyu a danginmu. Wannan karon a rubuce nake faɗa. Na cire salatif, kada ka mayar. Ka sa wannan a bakin hagu, sabo a bakin dama. Ka kira mai yankan takardar ya tsaya kusa da kai, ka gaya masa dalili da bakinka. Ka yi mini kwafi uku. Ka kwafe gefen duka, har da hayaniyarka, kada ka yanko ƙarshen shi kaɗai. Sau huɗu na saurara yanzu, kuma na ga sai na bi ta cikin tarkacenka nake iya isa wurinsa da shiri.

Juyi na gaba nawa ne. Zan aiko da kaset, zan kuma rubuta maka abin da ke sama da ganga, wanda hannu ba ya kamawa. Dokar rashin rubuta suna ta mutu.

Tun ranar Asabar abu ɗaya nake yi, a kanti, a hanya, a bakin famfo. Ina neman ranar nan a kaina. Ya kira ni haka ya fi sau dubu, wani lokaci in je da kumfa a hannu, wani lokaci in ce ina zuwa in ci gaba da abin da nake yi. Na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya, taubashi, ban gano ranar ba. Ban san ko na je ba.

Taubashiyarka.